Fitilar mota a tanderun burodi

Har yau idan aka miƙo mini burodi sai na kai shi hanci kafin in kai baki. Jikokina suna yi mini dariya a kan haka. Ban taɓa gaya musu inda na samo halin ba.

Tanderun burodin unguwarmu a Filinge na taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma yana jingine da zaurena. Tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu zagi juna ba. Shi yana ce mini malamin da tawada ta cinye wa yatsu, ni ina ce masa bawana mai farin gira. Yakan gama gashi kafin hantsi, masu shayi su kwashe, amma bulon tanderun yana riƙe zafi har la'asar. A wannan sauran zafi matan unguwa ke gasa gujiya, wani lokaci a kawo kan rago. Shi ya sa idan zai fita yakan bar mini makulli, in buɗe wa mai bukata.

Ran da abin ya faru ya tafi Bonkuku gaisuwar mutuwa. Gab da azahar sai ga ɗan ƙanena, direba ne mai ɗaukar mutane zuwa Yamai, magidanci mai 'ya'ya uku. Ya shigo zaure rungume da gidajen fitilun motarsa guda biyu, ya ciro su ɗungurungum. Ya ce ya sayo wani sabon ƙwan fitila a Yamai, zenon ake kiransa, haskensa fari ne mai shuɗi-shuɗi. Amma ba a sa shi haka kawai. Sai an buɗe gidan fitilar an dasa wani gilashi mai kauri kamar idon bijimi, wanda ke tattara hasken. Gidan kuwa an liƙe shi da baƙin danƙo, ba ya saki sai ya ji zafi. Ya nuna mini a waya wani Bature yana tura tasa fitilar cikin tanderun matarsa.

"Baba, minti goma ne. Danƙon ya yi laushi, in ɓamɓare, shi ke nan."

Na ce masa wurin abincin mutane ne.

"Ai kan rago ma ana sawa, Baba, da ƙahonsa da majinarsa."

Na yi dariya, na miƙa masa makulli.

Na bi shi na ga abin da zai shiga inda ake jera ƙullun burodi. Ƙurar hanya ta daskare a jiki, ga baƙin mai, ga matattun ƙwari cike da gindin gilashin, har da busasshen kashin tsuntsu a gefe. Duk da haka ban hana ba. Ya shimfiɗa kwali ya ɗora ta farko, ta fito lafiya, ya ɓamɓare ta yana murna. Ya tura ta biyu, sai aka kira shi a waya daga tasha, ya fita yana gardamar kujerar gaba. Ni kuma aka kira azahar, na tafi alwala.

Kafin mu dawo hayaƙi ya cika rumfar tanderun. Kwalin ya ci wuta, robar ta narke ta zube a kan bulo, baƙa, tana tafasa tana kumfa kamar kitsen mushe. Warin ya kama mini maƙogwaro har na fita na tofar da yawu. Da na koma na tarar ya ɗauki dogon cebur ɗin katako da taubashina ke zaro burodi da shi, yana kankare ƙazantar. Cebur ɗin ma ya ɓaci. Muka kankare abin da ya kankaru, muka goge da tsumma. Ni na saba da allo, tawada komai baƙinta ruwa na ɗauke ta. Bulo mai zafi ba haka yake ba, ya riga ya shanye.

"Gobe in ya hura wuta sauran zai ƙone," in ji ɗan ƙanena. "Don Allah kada ka gaya mishi, Baba."

Na kulle rumfar na koma zaure.

Taubashina ya dawo kafin magariba, ya kawo mini goro. Yana karɓar makulli ya ɗaga hanci.

"Wa ke ƙona shara a nan, mai tawada?"

Na ce Allah masani. Gaskiya ne Allah ya sani, amma ni ma na sani, kuma da sunansa na rufe bakina. Cikin duk abin da ya faru wannan ne ya fi ba ni ƙyama.

Washegari aka kawo mini nawa burodin kamar kullum. A ido ba shi da aibu. Na gutsura, sai ɗanɗanon ƙonanniyar roba ya manne mini a ganda, shayi bai wanke shi ba. Kafin azahar masu shayi uku sun dawo da nasu a kwali. Kafin la'asar magana ta zaga tasha cewa mai burodi ya ga itace ya yi tsada, ya koma hura wuta da tsofaffin tayoyi. Wata mata ta ce 'yarta ta yi amai. Mutumin nan shekara da shekaru yana gashi, ko itace mai ɗanyen wari ba ya yarda a sauke masa, yanzu ana nuna shi da baki ana cewa mai taya.

Kwana uku ina kallo. Ya zargi gari, ya canza buhu. Ya zargi itace, ya sa aka kawo wani daga daji. Ya wanke kwanonin kwaɓi da toka. Kowace safiya burodi ya fito da warinsa, a zuba wa awaki, awakin ma su shinshina su juya. Ɗan ƙanena kuwa ya samo wani tsohon gidan fitila a gareji ya maƙala a gurbin wanda ya narke, ya ci gaba da zuwa Yamai.

A rana ta uku bayan la'asar taubashina ya shigo zaure ya zauna a bakin tabarma. Bai zage ni ba. Ya kira ni Malam, abin da bai taɓa yi ba sai da izgili.

"Malam, wanga abu ba na gari ba ne, ba na itace ba ne. Baki ne aka sa mini. Ka yi mini rubutu in yayyafa a tanderun."

Na jawo allo, na tsoma alƙalami a tawada. Na ɗora shi inda ake fara bisimilla, hannuna ya ƙi tafiya. Ayar Allah zan rubuta, a wanke, a zuba a kan robar da na san wanda ya narka ta da wanda ya ba da makulli. Na ajiye alƙalamin na gaya masa komai, har da cebur ɗin.

Sai ya dube ni ya ce:

"Kwana uku kana zaune nan kana kallona ina zubar da gari."

Na ce haka ne.

"To ni na ji. Amma ba ni na ce ina ƙona taya ba. Waɗanda suka faɗa suna tasha."

Washegari ranar kasuwa ce. Na sa ɗan ƙanena ya ɗauko narkakken gidan fitilar, muka bi teburan masu shayi ɗaya bayan ɗaya, shi yana riƙe da shi, ni ina bayani. Ban taɓa jin tsawon tashar Filinge ba sai ran nan. Wani dattijo cikinsu ya juya robar da bakin wuƙar yanka burodi ya ce, "Ashe mota muka ci kwana uku, Malam. Shi ya sa cikina ke ta diri." Aka yi dariya. Wani bai yi ba, ya ce da wani ne ya ba da makullin da ya fahimta, amma ban da ni da nake ja musu salla idan liman ba ya nan. Muka wuce tebur na gaba.

Aka fasa daɓen tanderun gaba ɗaya. Bulon da aka ciro baƙi ne har ciki, wasu masu shayi sun zo sun gani da idonsu. Ɗan ƙanena ya yi jigilar sabon bulo a motarsa, aka sassaƙa sabon cebur, tanderun ya yi mako ba wuta. Yawancin masu saye sun dawo. Masu ɗauka zuwa ƙauyukan hanyar Sanam ba su dawo ba, don labarin taya ya isa can, namu bayanin kuwa a tasha ya tsaya. Har yanzu akwai wanda ke cewa burodin mai taya, bai ma san mafarin sunan ba.

Motar ta yi watanni da ido ɗaya fari na sabon ƙwan, ɗaya ja na tsohon gidan fitilar. Masu amalanke da ke dawowa daga gona da magariba suna tsine mata, sun ce farin yana makantar da jaki. Ni ban taɓa shiga cikinta ba tun daga lokacin.

Taubashina ya koma zagina bayan wata biyu, na kuwa gode wa Allah da na ji. Burodina yana zuwa kowace safiya, wani lokaci shi da kansa yake kawowa, ya tsaya a ƙofar zaure ya ce in shinshina da kyau, ko akwai mota a ciki. Amma idan zai yi tafiya yanzu, sai ya wuce zaurena ya kai makullin gidan wata tsohuwa mai gasa gujiya. Idan matan unguwa suka zo nema wurina bisa sabo, can nake nuna musu.