Aikin Gidan Da Arwa Ta Kawo A Makare

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 8 ga Maris, 2022, da hantsi, ina kan keken ɗinki a Kasuwar Umdurman, nan Sudan, aka kira ni daga unguwar Hajj Yusuf cewa Allah Ya karɓi ran abokina Malam Abdulmun'im Jatau, bayan jinyar kwana tara. Malam, har yau na kasa goge lambarka daga wayata.

Lokacin da annoba ta rufe makarantu, ka ce za ka koya wa 'ya'yanmu Hausa ta intanet, ni na fara yi maka dariya. Na ce mutumin da bai taɓa ɗaukar hoto ba sai da yatsansa a ciki? Ka yi banza da ni. Ka jingina waya da gwangwanin madara, ka shiga ɗaukar bidiyo na minti biyar-biyar, zakaran maƙwabta yana ta cara a bayanka. Bayan bidiyo sai 'yan tambayoyi, a zaɓi amsa ɗaya cikin uku. Ranar Juma'a kuma a haɗu kai tsaye, idan wuta da intanet sun ga dama. Amma abin da ka fi ji da shi aikin gida ne: kowa ya je wurin habobarsa, wato kakarsa, ya tambayo kalma, ya naɗo muryarsa ya aiko. Kana yawan cewa Hausarmu ta Sudan a bakin tsofaffi take, ba a takarda ba.

Ni na san abin da ka yi mini. Mahaifiyata Hajiya Kulu tsufa ya kwashe mata Larabci, sai Hausa ta rage. 'Yata Arwa kuwa ta tashi da Larabci zalla. Gida ɗaya suke, amma tsakaninsu sai murmushi, abin yana ci mini rai. Da darussanka Arwa ta fara haɗa magana, har ta kai darasi na goma.

Sai aka yi mana rasuwa a unguwar Mayo. Arwa ta so ta burge, ta ɗauki "al-baraka fikum" da muke faɗa wa masu makoki da Larabci, ta juya ta ce, "Barkanku da rasuwa." Tsofaffi suka hau salati, wasu suka cusa mayafi a baki. Ta dawo tana kuka, ta ce ita da Hausa har abada.

Ba ka yi mata faɗa ba. Cikin makon ka fitar da darasi na sha ɗaya a kan gaisuwar mutuwa, ka buɗe shi da labarin katoɓarar da kai ma ka taɓa yi, ko sunanta ba ka ambata ba. Aikin gida shi ne kowa ya naɗo gaisuwar da muryarsa. Duk suka aiko, ban da ita. Wata huɗu, duk Juma'a sai ka tura mata saƙo: "Arwa, ina jiran aikinki. Babu sauri."

Ranar uku muka zo gidanka gaisuwa, ni da Hajiya da Arwa. Ina bakin ƙofar mata na jiyo muryar Arwa tana ce wa iyalinka, Malama Wafa, "Inna, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta." Kafin kowa ya amsa, Hajiya ta ce amin, ta kamo hannun jikarta. A bas, tun daga Hajj Yusuf har Umdurman Hajiya da Arwa hira suke yi. Ni dai na juya fuska wajen taga, don hawaye sun fi ƙarfina.

Ina miƙa ta'aziyya ga Malama Wafa da 'ya'yanka da ɗalibanka duka, Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowace kalma da ka mayar bakin 'ya'yanmu ta zama sadaka mai gudana a gare ka. Aikin Arwa ya iso, Malam. Ya makara da kwana uku, amma babu kuskure ko ɗaya a ciki.