Uwaisu Mai Hawa Tanki

Uwaisu mutumin Nijar ne, muna aiki tare a wani kamfanin fata a Challawa. Ni ina gadin ƙofa, shi yana wajen jiƙa fatu. Ranar da ya fara aiki ya ce wa manaja, Alhaji Gali, "Sannu, Mushe." Saura kaɗan a kore shi, sai da na rantse cewa a bakin mutanensu girmamawa ce, ba mushen dabba yake nufi ba.

Ƙauyensu a tsakiyar duwatsu yake. Ya ce waya ba ta shiga sai a kan dutse guda. Magajin garinsu ya yi alkawarin eriya, aka kawo ƙarfen, jakuna suka ƙi hawa da shi. Yanzu ƙarfen yana ƙofar ofishinsa, ana ɗaure awaki a jiki.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, sai Uwaisu ya haye tankin ruwan kamfani, ya zauna can ƙoli yana ta "Alo, alo!" Mu dai mun ɗauka ƙauyanci ne. Alhaji Gali ya ce in ya ƙara hawa, a bakin aikinsa.

Juma'a ta zagayo, wayar Uwaisu ta yi ƙara, ya nufi tsani. Alhaji ya tare shi.

"Kai, nan Kano ce! Ko a cikin rijiya ka shiga za ta kama. Amsa a nan."

"Na sani, Yallaɓai. Ai a tabarma nake kiran kowa."

"To hawan na mene ne?"

"Inna ce. Da sanda take hawa dutsen nan don ta ji muryata. Ita tana haki a sama, ni in amsa mata a inuwa?"

Wayar dai tana ta kuka. Alhaji ya dubi tanki, ya dube ni, ni kuma na dubi ƙofata.

Can ya ce, "Dama ba mai leƙa mana ko ruwa ya cika. Daga yau aikinka ne, duk Juma'a. Hau, kada tsohuwa ta sauko."

Uwaisu ya haye. Da ya kai ƙoli ya leƙo ya ce, "Inna na gaishe ka, Mushe!"

Alhaji ya ce yana amsawa.