Bakina Ya Sa Aka Kira Ni Infoma

Malam edita, ina gaishe ka, ina gaishe da masu karatu. Lokacin da abin nan ya same ni, ni mai faci ne a Jibiya. Rumfata tana bakin titin da ya miƙe zuwa boda, inda motocin Maraɗi ke tsayawa a duba musu taya kafin su shiga layin kwastan. Ina da iyali, ina da injin iskana, ba na shan komai, ba na caca, jam'i ba ya wuce ni. Da a ce wani ya gaya mini a lokacin cewa ina da mugun hali, da sai an raba mu. Ban san halin yana nan a bakina ba.

Ni mutum ne mai tambaya tun ina ƙarami. Mota ba za ta tsaya a rumfata ba sai na ji inda ta fito da inda ta nufa, me aka ɗauko, ta wace hanya za a bi, yaushe za a dawo. Hannuna yana kwance taya, bakina yana nasa aikin. Direbobi har suna suka sa mini, wai kwastan na biyu, suna cewa duk wanda ya wuce rumfata ba abin da duwan, wato kwastan ɗin Nijar, za su tambaye shi wanda bai riga ya amsa ba. Ni kuwa sai in yi ta dariya, ina jin daɗin sunan. Mafi muni, abin da ya shiga kunnena ba ya kwana a cikina. Wanda ya zo bayanka zai ji labarinka, kai ma ka ji na wanda ya riga ka. Ba don mugunta nake yi ba, Allah shi ne shaida. So nake a ce ba abin da ke motsi a bakin boda ban san shi ba. Mahaifiyata ta sha gaya mini cewa ba a tambayar mai tafiya inda za shi, addu'a ake yi masa. Matata ma ta yi magana har ta gaji. Ina ɗaukar maganarsu ƙorafin mata.

To sai daji ya lalace. Aka fara tare hanya, ana ɗaukar mutane. Kowa a garinmu ya canja yadda yake magana. Maƙwabcinka zai fito da jaka a kafaɗa, ka gaishe shi, ya ce nan kusa za shi, kai ma ka ce a dawo lafiya, ku rabu a haka. Wata kalma ta shigo gari, infoma, wato wanda ke zaune cikinmu yana kai wa 'yan bindiga labarin wanda ya fita da hanyar da ya bi. Wanda aka laƙaba wa sunan nan ba kasafai yake kaiwa gaban alƙali ba. Duk na san wannan, ina ma cikin masu ba da labarinsa. Amma kowa ya gyara bakinsa ban da ni.

Wata safiya wani direba da na saba da shi ya tsaya, tayar gabansa ta taka ƙusa. Yana ɗauke da wani dattijo mai sayen hatsi, mutumin kirki, wanda ba ya wuce ni bai miƙo mini goro ba. Na tambayi dattijon ina aka nufa, ya yi murmushi ya ce nan gaba kaɗan. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na jira ya zagaya bayan rumfa, na matsa wa direban da wasa da dariya, har ya ce wajen Bugaje za su ɗauko gero, ta hanyar cikin gonaki za su bi don ta fi kusa, kafin la'asar sun juyo. Na ɗaura taya, suka tafi.

Ba a jima ba wani ya zo a kan babur a ƙara masa iska. Ban taɓa ganinsa ba, ya naɗe fuska da ƙyalle kamar yadda masu babur ke yi, ban kuma ga abin damuwa ba. Ya yi ƙorafin cewa gero ya yi wuya a kasuwa. Nan take bakina ya buɗe. Na ce masa gero yana nan ga wanda ya san hanya, yanzun nan ma Alhaji wane ya bar nan za shi ɗauko lodi. Na faɗi sunansa, na faɗi hanyar, na faɗi lokacin dawowa. Ya yi godiya, ya tada babur ɗinsa.

Bayan la'asar labari ya iso cewa an tare su a hanyar dawowa. An harbi direban a cinya, an shiga daji da dattijon. Ina jin haka na tuna da mai babur ɗin nan. Ban gaya wa kowa komai ba, karo na farko a rayuwata.

Washegari da hantsi 'yan sa-kai suka zo rumfata. Ashe an tambayi direban a asibiti wa ya san hanyar da za su bi, ya ce ban da iyalan dattijon, mai faci ne kaɗai ya tambaya. Suka tasa ni gaba zuwa bayan tasha, suka zaunar da ni a ƙasa. Kafin in ɗaga kai mutane sun zagaye ni, ina jin kalmar nan tana yawo daga baki zuwa baki. Suka karɓe wayata, suka ga lambobin Nijar, wani ya ɗaga ta sama yana nuna wa jama'a. Na ce 'yan uwan matata ne a Maraɗi, wa ke cikinsu da ba shi da dangi a ƙetare, amma ba mai saurare. Ta tsakanin ƙafafun mutane na hango wani matashi yana gangaro da tsohuwar taya daga rumfata. Na san tayar, ni na ajiye ta, na kuma san abin da ake yi da ita. A gefen titi ga masu sayar da fetur a kwalba.

Shugaban 'yan sa-kai ya tsuguna gabana, ya tambaye ni ko na tambayi direban. Na ce na tambaya. Ya ce to in rantse da Allah ban gaya wa kowa ba. Malam edita, ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Idan na rantse, na yi rantsuwar ƙarya ina ganin mutuwa a gabana. Idan na faɗi gaskiya, na amsa laifi da bakina. Ban rantse ba, suka kuwa ɗauki hakan amsa. Na ji an shaƙo wuyan rigata ta baya.

Allah ya kawo sarkin tasha, wani tsohon direba da ya san mahaifina. Ya ratsa mutane ya tsaya a kaina, har ƙafarsa tana taɓa gwiwata. Ya ce ba za a zubar da jini a tasharsa ba tare da hukuma ba, wanda ke son taɓa ni ya fara da shi. Ya tambayi taron ko akwai wanda yaron nan bai taɓa yi wa tambayar ƙwaƙwaf ba, ya ce infoma ɓoyewa yake yi, wannan kuwa ko akuya ta gifta sai ya tambaye ta gidan wa za ta. Sannan ya dube ni ya ce in faɗi gaskiya komai ɗacinta. Na faɗi maganar mai babur ina kuka. Ihu ya ƙaru, ƙanen direban ya kai mini duka a baki har haƙori ya fita. Ashe tsohon ya riga ya aika a kira jami'an tsaro, jan lokaci yake yi. Da motarsu ta iso, ni da kaina na rarrafa na shiga.

Na daɗe a hannunsu. Ni da ke tambayar mutane, aka zaunar da ni ana tambayata abu ɗaya safe da yamma. Suka bincika wayata ba su sami komai ba, suka sake ni. Dattijon bai dawo ba. Yana da ciwon suga, daga baya labari ya zo cewa ya rasu a daji. Har yau ban sani ba ko mai babur ɗin nan shi ya kai labari, ko kuwa bawan Allah ne da gero ya yi wa wuya. Rashin sanin nan ya fi dukan ciwo.

Za ka ɗauka wanda ya ga abin da na gani ya bar tambaya nan take. Wallahi ranar da na koma rumfa, mota ta farko da ta tsaya, sai da rabin tambayar ta fito kafin in kama bakina. Nan na gane tsoro kaɗai ba ya cire hali, sai an sa wani a gurbinsa. Na riƙa sa asuwaki a baki idan ina aiki. Duk sanda tambaya ta taso, sai in ce Allah ya kiyaye hanya. Idan fasinjoji suka fara zancen tafiyarsu, sai in tada injin iska don kada in ji. Na sha faɗuwa ina tashi kafin abin ya zauna mini.

Shi ya sa nake roƙon duk mai karanta wannan, ya duba ɗan halin nan nasa da mutane ke yi wa dariya, ya rabu da shi tun ana dariyar. Idan na gida sun yi maka magana a kansa, ka saurara. Ni na tsira da raina, na kuma gyara bakina, amma mutane ba su da hanyar ganin gyaran. Kwanan baya na je gaishe da mahaifiyata na tarar da ɗakinta a rufe. Ashe yayana ya kai ta asibiti Katsina tun da safe, kowa a gidan ya sani, har matata, an ce kada a gaya mini sai sun isa. Na tsaya a ƙofar ɗakin ina so in yi fushi, na rasa wanda zan yi da shi. Da ni ne yayan nawa, ni ma ba zan gaya mini ba.