Waigin Motar Gangare

Ba a gida aka raɗa masa suna Gangare ba, kanikawa ne suka laƙaba masa. Tun shekarar da sitatar motarsa, mai tayar da injin, ta mutu ya daina ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri. Duk inda ya je sai ya nemi inda ƙasa ta karkata ya juya hancinta ƙasa, in zai tashi ya sake ta ta gangara, ya ɗaga ƙafa daga kuloci a giya ta biyu, injin ya kama. Sunan ya bi shi har ɗaki, don ko matarsa in ya ƙure ta da shi take kiransa.

Sana'arsa shimfiɗa tayil. Ya fara ne da kwaɓa siminti a hannun wani, ya shekara ashirin a durƙushe har gwiwoyinsa suka yi kanta. Hannunsa kuwa sai dai a ce masha Allah. In ya gama falo yakan ciro ɗan ƙwallon gilashi daga aljihu ya ajiye a tsakiya, ya ce wa mai gidan in ya motsa a fasa aikin a sake. Bai taɓa motsawa ba. Abin haushin ke nan, mutumin da ba ya yafe wa daɓe karkatar ƙwayar zarra shi ne ya jingina rayuwar gidansa a kan gangara.

Motar farar a-kori-kura ce mai shan dizal, mai kujeru layi biyu, ta hannu ya saye ta. Daga Litinin zuwa Juma'a katan-katan na tayil take ɗauka da buhunan siminti da injin yanka. Ranar Asabar ya wanke bayanta tas, matarsa da 'ya'yansa mata biyu su shiga kujerar baya, Inna, mahaifiyarsa, ta hakimce a gaba, a tafi duba dangi ko ganin likita. A motar aka kai matarsa haihuwar auta, a cikinta aka ɗauko gawar mahaifinsa. Shi ya sa ba ya son jin ana kushe ta, ko da wasa.

Birkin hannu ya riga sitata mutuwa. A madadinsa Gangare ya sassaƙa waigi, wani guntun katako mai baki kamar gatari, ya huda shi ya ɗaura masa shuɗiyar igiya. In ya tsaya sai ya bar motar a giya, ya sauko ya cusa waigin a gaban tayar da ke gefen direba, ya doke shi da dunduniya sau uku. Da safe ya shiga, ya taka birki, ya fizgo igiyar ta taga, shi ke nan.

Layinsu gangara ne, kuma a ƙofar gidansa ya ƙare. Yakan ajiye motar can sama, kamar taku talatin, daura da shagon tela. In ya sake ta, injin kan kama ne ana saura 'yan taku a kai ƙofar, sai ya karya hagu ya bi lungun da ke fita titi. Shekara huɗu yana haka, ko kaza bai taɓa takawa ba, kuma yana faɗin hakan da alfahari.

A shekara ta biyar ne Inna ta fara mantuwa. Da farko sunayen jikoki ne suka riƙa kuɓuce mata, daga baya ta koma tsince-tsince. Cokali ya ɓace, takalmin auta ya ɓace, ma'aunin Gangare ya ɓace, sai an ɗaga katifarta a tarar da su a jere. In aka tambaye ta sai ta ce ajiye wa yaron nan ta yi, shi ba ya kula da kayansa, yaran unguwa kuma hannunsu ba ya zama. Yaron nan shi ne Gangare, mai furfura a gemu. Sannan ta tsiri fita da rana ta zauna a kan dakalin ƙofar gida tana jiran ya taso daga makaranta. An hana, an lallasa, an sa sakata, ta zauna tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Dole aka ƙyale ta. Dakalin nan kuwa, in ka tsaya a hancin motar ka miƙa hannu, shi kake nunawa.

A wannan lokacin ne igiyar ta fara gardama. Da can fizga ɗaya waigin ke fitowa, sai ya koma sai an ja da hannu biyu. Wata safiya ya ja har igiyar ta yanke masa tafi, katakon ko gezau. Sai da matarsa ta fito da guduma ta buge waigin ta gefe, shi yana ciki ya danne birki. Gangare ba yaro ba ne, ya san abin da hakan ke nufi. Giyar ta daina riƙe motar, tana silalowa a hankali ta kwanta da nauyinta duka a kan katakon.

Tela ma ya tare shi da maganar. Ya ce yana zaune a bakin kekensa yakan ji motar tana wani ƙas, ta yi shiru, can kuma ƙas, kamar mai taune ƙashi. Gangare ya yi dariya ya ce ƙarfe ne ke hucewa. Amma da ya koma ya ja layi da alli a ƙasa daidai tayar baya, washegari ya tarar tayar ta haye layin da faɗin yatsa uku. Ya sa ƙafa ya goge layin, bai gaya wa kowa ba.

Bakaniken da ke duba masa ita, wani tsoho da ake kira Sifana, bai ɓoye masa komai ba. Ya saurari injin, ya goge hannu a tsumma, ya ce, "Injin nan ya saki, maigida. Ka bar min ita kwana uku in ɗaura birkin hannu in gyara sitata. Katako ba birki ba ne."

Gangare ya ce to, sati mai zuwa. Satin ya zo da aikin wani bene mai hawa uku. Ya ce Asabar, Asabar kuma ranar likitan Inna ce, da me za a kai ta? Kullum da dalili, kuma wallahi kowane dalili na gaskiya ne, shi ya sa abin ya fi ban tsoro. Matarsa ta gaji da magana ta koma kallo. Ta roƙe shi ko juya hancin motar ya riƙa yi sama, ya ce in ya juya ta wa zai tura masa ita da safe, ita? Ya faɗa da gatse, amma a ransa tsoro yake ji. Ya kai ga in yana yanka tayil a wurin aiki sai ya kashe injin ya kasa kunne, alhali motar tana gabansa.

Ranar wata Alhamis ya yi lodi tun da hantsi, tayil har ya ɗara bakin bodi, ga siminti a kai, bayan motar ya zauna. Ya isa wurin aikin ya tarar da ƙofa a kulle, mai gadi ya tafi da makulli. Ransa a ɓace ya juyo gida don ya ci abinci kafin a buɗe. Ya tsaya daura da shagon tela da waya a kunne, yana faɗa da mai ginin. Ya sauko, ya jefa waigin a gaban taya, ya wuce yana ta sababi. Dukan nan uku na dunduniya, da bai taɓa tsallakewa ba, ranar bai yi ba. Tela kuma ya rufe shago ya tafi kai ɗinki.

Ya gaida Inna a kan dakali, ta dube shi kamar baƙo ta amsa da ladabi. Ya shiga ciki. Ya kai loma ta biyar ko ta shida ke nan ya ji ƙas. Ya tsaya da tauna. Matarsa ta ɗago, suka haɗa ido. Sai kuma ƙas, ƙas, a jere, ba irin na kullum ba.

Ko takalmi bai saka ba. Da ya fito abin da ya fara gani shi ne shuɗiyar igiya tana reto daga cinyar Inna. Ta koma kan dakalinta ta zauna, ta rungume katakon a ƙirji. Can sama kuma motar tana tahowa, tana tsayawa, tana tahowa, kamar saniyar da ake ja. Ya yi tunanin ɗauke Inna, amma ya san ta, in baƙo ya taɓa ta ƙanƙame ƙarfen ƙofa take yi tana ihu, kuma yau shi baƙo ne. Ya kwasa da gudu ya yi sama.

Yana kama murfin ƙofar giyar ta fice da wata ƙara, motar ta saki jiki. Ya faɗa ciki rabinsa a waje, ya taka birki. Birkin mota in inji a kashe yake tauri gare shi kamar dutse, balle da wannan lodi. Ya miƙe a kansa da ƙafa biyu, motar ba ta ko kula shi ba. Ta gilashi yana hango Inna tana gyara ɗaurin igiyar, ko ɗago kai ba ta yi ba. Da wannan gudun ba zai iya karya kwanar lungun hagu ba. Abin da ya rage kawai turken wutar lantarki na kankare da ke dama, taku biyar kafin dakalin. Ya rungumi sitiyarin da dukan ƙarfinsa ya murɗa.

Ƙarar ta fito da duk mutanen layin. Turken ya shige har tsakiyar injin, tayil ya tarwatse ko'ina, ruwan lagireto ya bi gangara ya wuce ta gaban ƙafafun Inna. Da aka zaro Gangare, wuyan hannunsa na dama ya juya ta inda hannu ba ya juyawa. Daga ranar bai sake riƙe cokalin siminti yadda ya saba ba, motar kuma Sifana ya zo ya dube ta ya girgiza kai kawai.

Yana zaune a ƙasa, matarsa na tallafe da hannun tana kuka, Inna ta taso a hankali tana tsallake fasassun tayil. Ta tsaya a kansa ta ƙura masa ido, sai fuskarta ta washe. Rabon da ta gane shi an fi wata biyu.

"Au, ka taso?" ta ce. Ta miƙa masa waigin da hannu biyu. "Ungo abinka. A ƙasa na gan shi ka yar, na ce bari in ajiye maka kada a ɗauke."

Gangare ya miƙa hannun hagu ya karɓa.

"Na gode, Inna," ya ce.