Sandar Awon Mai ta Kawu

Tun safe allurar man motata ta kafe a rabi, ni kuwa na yarda da ita. Ga ni yanzu a gefen titi tsakanin Malbaza da Tsarnawa, tanki ya bushe, mahaifiyata na baya tana nishi, likita na jiranmu a Konni. Na kasa zaune, na kasa tsaye. Motocin siminti sai wucewa suke yi, ba mai ko duban hannun da nake ɗagawa.

Nan Kawu, Allah ya jiƙansa, ya faɗo mini a rai. Tsohuwar motarsa ba ta da allura. Sandar geza ya fere, ya riƙa zuba mai kwalba-kwalba a tanki yana yi mata tsaga da wuƙa. Kafin kowace tafiya sai ya tsoma ta, ya ɗaga ta wajen rana, tana ƙyalli tana warin mai.

Wata rana za mu dawo daga cin kasuwa, man ya sauka daidai tsagar ƙarshe, ya ce sai mun sha mai. Na duba, akwai taƙi guda jiƙe a ƙasanta.

Na ce, "Kawu, ai wannan ya kai mu gida."

Ya karɓe sandarsa ya ce, "Wanga ba namu ba na. Na wanda za mu iske bisa hanya na."

Dariya na yi masa ranar.

Allah ya sa ya iske nasa a can ninki ba ninki. Mu kuma Allah ya kawo mana wani mai irin sandarsa kafin rana ta take.