Bangon da Na Ƙi Yankawa

Akwai wata Litinin cikin damina da har yau ba ta fita daga raina ba, kuma ita nake so in ba ku labari, ku da kuka shigo aikin maɗaba'a a bayanmu.

A lokacin ina aiki a wata maɗaba'a a Gashuwa, ta Alhaji Modu. Ni ne mai yanka. Ga wanda bai san aikin ba, mujalla tana bin hannu huɗu. Mai kwamfuta ya tsara shafuka, mai inji ya buga, masu naɗi su naɗe su ɗinke da waya, sannan a kawo wa mai yanka ya daidaita gefe uku da wuƙar inji. Daga wurina sai ɗauri, sai mota. Shekaru da yawa ina yanka takardun da ban san abin da ke cikinsu ba. Sai a shekarar ne na shiga makarantar manya, ajin bayan la'asar, har na fara haɗa baƙi da kaina.

Wani matashi daga Nguru, Malam Nura, yana kawo mana wata ƙaramar mujalla ta kiɗan jita, irin kiɗan nan mai lantarki da ganga da samari suka koyo daga Nijar. A fitowar nan yana son yin labari kan ƙungiyar wani mai jita, Kyari, wadda waƙoƙinta suka cika Nguru da Machina. Da ya bincika sai ya gano waƙoƙin ba na Kyari ba ne. Na Ya Kaltume ne, wata mai ƙyafe kifi a Dagona. Ita ke tsara su da Badanci, yaren Bade, a bakin murhu, Kyari ya je ya saurara, ya mayar da su Hausa ya ɗora a jita.

Ni ɗan Dagona ne, kuma Ya Kaltume matar ɗan ƙanen babana ce. Don haka Malam Nura ya roƙi Alhaji ya ba shi ni in yi masa tafinta. Da muka je, ta shimfiɗa mana tabarma, ta ce da ni da Badanci: "Sale, gaya masa sharaɗina biyu ne. Ya rubuta sunana a kan waƙoƙina. Kada ya sa fuskata. Na ga inda takardun nan ke ƙarewa, a bangon shagon aski da teburin mai shayi. Ina da miji, ina da surukai." Na faɗa masa. Ya ce ba komai. Ta dube ni ta ce, "Shi ban san shi ba. Kai na sani." Na ce na ɗauki alkawari.

Ranar Litinin ɗin, wajen ƙarfe goma na safe, aka jibge mini mujallun a teburi. Motar da za ta kai su Nguru za ta tashi bayan azahar, don a sayar washegari. Na ɗauki ta sama zan daidaita, sai na ga Ya Kaltume tana kallona. Kyari na gaba da jitarsa, ita tana baya, an ƙara girman hotonta, tana dariya, ɗankwalinta ya zame. Ban ma san lokacin da aka ɗauke ta ba.

Na sa yatsa a rubutun da ke ƙasa, na bi shi a hankali. Sunan Kyari da manyan baƙaƙe. A ƙarƙashinta kuwa an rubuta: "Wata 'yar Bade mai amshi." Na buɗe ciki, na bi shafi huɗun labarin layi-layi, ina neman K ɗin Kaltume. Kowane K na Kyari ne. Na sake bi don kada laifin karatuna ne. Babu.

Na kashe injin na tafi ofis. Alhaji Modu da Malam Nura suna shan shayi.

"Alhaji, gafara dai. Ba zan yanka wannan ba."

"Wuƙar ce ta dakushe?"

"Wuƙa lafiya lau. Bangon ne."

Na ajiye a gabansu na yi bayani. Malam Nura ya yi murmushi ya ce, "Baba Sale, ashe karatun ya yi nisa." Sai ya buɗe jakarsa ya zaro tsofaffin mujallun waje na masu jita, ya baje su. "Duba nan. Haka ake yi ko'ina a duniya. Namiji da jita, mace a gefe. Hoton mace ke tsayar da mai wucewa. Sunanta ba ya sayar da ko ɗaya."

Na duba su. Gaskiya ya faɗa, haka suke. Mazan duk da sunayensu, matan kamar labule.

Na ce, "Malam, waɗannan ban yi musu tafinta ba."

"Ai girmama ta na yi. Wa ya taɓa sa 'yar ƙauyen masunta a bango?"

"Ba mai amshi ba ce. Kai ma ka sani."

"Samari Kyari suke saye. In na ce wata mai kifi ce ke ba shi waƙa, na kashe shi na kashe mujallar."

Alhaji Modu ya ajiye kofi. Ya ce, "Sale, mu masu bugawa ne. Abin da aka kawo shi muke bugawa. Ka taɓa ganin na gyara wa mai katin biki sunan amarya? Je ka yanka."

Ina da iyali, kuma babu wata maɗaba'a da za ta ɗauki mai shekaruna. Na kuma san mai injin ya iya yanka, ba sai da ni ba. Na ce, "Alhaji, injinka ne, ka sa wani ya yanka. Amma ka ba ni izini in tafi Dagona yanzu. Gara ta ji daga bakina cewa na yi mata ƙarya, da mijinta ya gani a shagon aski."

"In ka fita ƙofar nan a lokacin aiki, ka san abin da kake yi."

"Na sani, Alhaji."

Na cire rigar aiki na rataye. Ina sa takalmi ya kira ni. Ya ce, "Kana da lambarta? Kira ta, mu ji daga bakinta."

Sau uku ina kira kafin ta shiga. Na gaya mata komai da Badanci, ban rage ba. Sai ta ce in buɗe muryar wayar kowa ya ji, ta koma Hausa.

"Malam mai takarda, kana ji na?"

"Ina ji, Ya."

"Ka sha ruwana, ka ci kifina. Na ba ka suna ka ƙi, na hana ka fuska ka ɗauka. Wa nake yi wa amshi? Ka tambayi Kyari ya rera maka baiti ɗaya da bai tsinta a bakin murhuna ba. In ya rera, ka manna ni a kowane shago."

Alhaji ya karɓi wayar ya ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Fuskarki ba za ta fita daga shagona ba."

Sauran ranar aiki ne kawai. Aka cire wayar ɗinki daga kowace mujalla da hannu, aka zare bangon. Mai kwamfuta ya bar Kyari da jitarsa, ya cire ta, ya sa hoton kwalekwale a bakin ruwa. A ƙasa aka rubuta cewa waƙoƙin na Ya Kaltume ne ta Dagona. Shafukan ciki ba a taɓa su ba, Malam Nura ya ƙi, kuma ba lokaci. Mota ta tafi ta bar mu. Mujallar ta isa Nguru a makare da kwana biyu. Tsofaffin bangunan, ni da kaina na sa su a wuƙa na yi musu gunduwa-gunduwa.

Malam Nura bai sake kawo mana aiki ba. Alhaji ya yi mako biyu ba ya amsa gaisuwata sai da kai. Bai kore ni ba, bai kuma taɓa ce mini na yi daidai ba.

Ranar Juma'a na kai mata guda ɗaya. Ba ta karatu. Na ɗora yatsanta a kan layin, na karanta mata sunanta. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce, "Ɗan guntu ne ashe," ta naɗe mujallar ta sa a ƙarƙashin tabarma, ta koma kan kifinta.

A aikin nan kowa yana cewa shi ba nasa ba ne: mai kwamfuta ya ce an ba shi, mai inji ya ce an tsara masa. Mai yanka shi ne ido na ƙarshe kafin takarda ta shiga hannun jama'a, kuma mutanen da ke cikinta ba sa nan balle su yi magana. Tun ranar, ba na sauke wuƙa sai na karanta ta sama, ko da mota tana jira. A hankali nake karatu, Alhaji ya sani, kuma ya daina leƙo ni.