Ranar da Hannun Nicolasa Ya Ƙi Tashi

Shekara goma sha tara Doña Nicolasa, wato Uwargida Nicolasa, tana dafa wa yaran makarantar ƙauyenmu wake da wainar masara, kuma bakinta bai taɓa raga wa kowa ba. Saboda bakin nan iyaye suka tura ta kwamitin makaranta. Duk iliminsu, ba wanda ya tuna hedimasta Anselmo ne ke sa hannu a takardar aikinta kowace shekara.

Ran Lahadi bayan coci kwamitin ya zauna kan ko a nemi a canja hedimastan, don Litinin da Juma'a ba a ganin ƙeyarsa. Mu nan wajen ƙuri'a hannu ake ɗagawa, ga shi zaune yana kallo, alƙalami a aljihun gaba. Hannu uku suka tashi, uku suka ƙi. Saura nata.

"Doña Nico, yau bakin ya tafi hutu ne?" in ji Eleuterio mahauci.

"Ku bakina kuka zaɓa, shi kuwa tukunyata ke hannunsa," ta ce. "Wakena na ƙonewa."

Ta fice. Lahadi ce fa, ko wuta ba a hura ba. Anselmo yana nan har yau, Talata zuwa Alhamis.